Batirin Kawu da Ƙahon Wanzami

Shekarar da aka fara Shari'a a jiharmu, kawuna ya dawo Dauran daga aikin Hajji da batir a ƙirji. A can ya yanke jiki ya faɗi, likitoci suka dasa masa wata 'yar na'ura ƙarƙashin fata mai daidaita bugun zuciya, suka haɗo shi da takarda. Ni ne mai digiri a dangi, ina zaman jiran sabuwar jiha ta tuna da ni, don haka karanta takardar ya zama aikina na farko.

Abin da ta ce, gwargwadon fahimtata: in ƙwayoyin cuta suka shiga jini, suna iya manne wa na'urar da wayoyinta, kuma ba lalle magani kaɗai ya kore su ba. In zazzaɓi ya ƙi sauka, a je a auna jini.

Da damina maruru ya fito masa a cinya, zazzaɓi ya biyo baya. Aka kira wanzamin gidanmu, wanda ubansa ya yi wa kawu kaciya, shi kuma ya cire mini beli. Irin wannan mutum ba a ce masa askarsa ba ta da tsabta. Ya fasa marurun, ya ce mataccen jini ne ya taru wajen batirin, gobe zai kafa ƙaho a wurin.

Kawu ya dube ni. "Ɗan boko, mi takarda tac ce?"

Na ce wataƙila akwai haɗari, ko da yake ba ga kowa ba, kuma ni tattalin arziki na karanta. Wanzami kuwa bai taɓa cewa wataƙila ba a rayuwarsa. Ba sai na faɗi wanda aka bi ba.

Washegari da hantsi wanzami ya jera ƙahonninsa, ya wasa aska a tafin hannu. Sai na ji bakina ya riga ni.

"Kawu, takarda ta ce in aska ta taɓa wurin nan, mutuwa za ka yi."

Ba ta ce haka ba. Amma karon farko ke nan da aka saurare ni. Muka kama hanyar asibitin Kaura, daga can aka tura mu Sakkwato. An sami ƙwayoyin a jini. Likita ya ce da alama ba su kai ga na'urar ba tukuna. Kawu ya sha allura na makonni, ya dawo da ƙafarsa.

A gida an yi ittifaƙi cewa fasa marurun nan ne ya cece shi. Ni kuma, da matata ta haihu, sai da na kai goro na ba da haƙuri kafin wanzami ya yarda ya zo askin suna.