Rumbun Gidan su Zuberu

Duk wanda ya taɓa kai taya faci wurin Zuberu a unguwar Sofoline da ke Kumasi ya sha labarin rumbun gidansu. Kafin ya gano inda iska ke fita, ya gama faɗa maka cewa shi ba ɗan wahalar birni ba ne. Can ƙauyensu, bayan Bawku, yayansa Buraima na da hatsin da ko fari aka yi ba za a ga ƙasan rumbu ba. Hujjarsa buhun gero ɗaya da ke iso masa bayan kaka. A bakin ƙofa yake jingine shi, don kada maƙwabta su sha wahalar leƙe.

Shi ma yana aika wa ƙauye tasa hujjar. Duk Babbar Sallah sai ya ari babbar riga, ya tsaya gaban benen wani Alhaji a Buokrom, ya dafa ƙofa, a ɗauke shi hoto, ya tura gida. Bai taɓa cewa benen nasa ne ba, bai kuma taɓa musawa ba.

Da korona ta zo aka ce za a rufe Kumasi, Zuberu ko a jikinsa. Ya sayar da injin iskarsa, ya mayar wa mai gidan haya makulli har da yi masa wa'azi kan haɗama, ya tasa matarsa Hamamatu da yara gaba sai tashar Krofrom. Hamamatu ta ce a kira Yaya tukuna. Ya ce shi ba ya neman izinin shiga gidan ubansa.

Suna jiran mota ta cika sai wata ta iso daga arewa. Na farkon saukowa Buraima ne, duk ya rame, iyalinsa na biye da tabarmi da tukwane. An rufe iyaka, kasuwarsu ta mutu, daminar bara kuma ba ta yi kyau ba. Geron da ya aiko ma daga maƙwabci ya roƙo, don kada ƙaninsa ya ji kunya a birni. Akuyar ƙarshe ya sayar suka hau mota, tunda akwai bene. Abin da ban tausayi, sai dai Zuberu ne ya gina benen da hannunsa.

Buraima ya rungume shi har da ƙwalla, ko lura da kayansu bai yi ba.

"Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Har da iyali ka zo tarbarmu? Mu je gida, yaran nan tun jiya ba su ci komai ba."

Hamamatu ta sauke ƙullin da ke kanta, ta zauna a kai.

"Maigida, Yaya na magana. Wuce gaba ka nuna musu hanya."