Iya Mai Ɓeraye da Ta Tare wa Farfesa Ƙofa

Kafin masu farar riga su gama neman inuwar ajiye mota, Iya Mai Ɓeraye ta riga ta share kowane keji, ta wanke kwalaben ruwa, ta bi fararen ɓerayen nan ɗaya bayan ɗaya tana duba wanda bai ci ba. Takalminta ma a waje take cirewa, kada ƙararsa ta firgita su. Shekara da shekaru haka, a wani ɗaki marar taga can ƙarshen barandar sashen binciken magunguna.

Aikin sashen, in an cire masa Turanci, ba wani abu ba ne. A tatso ruwan ganye, a ɗura wa ɓera, a ɗora shi kan wani katako mai lungu da fili. In ya maƙale a lungu, fargaba na nan. In ya fito fili yana shawagi, magani ya ci. A kan wannan ake sa hula mai tuntu ta digiri. Sharaɗin dai kada wani abu ya tsorata su kafin gwaji, in ba haka ba duk ɓuya za su yi, mai magani da marar magani.

Akwai wata ɗaliba mai goyo da ta yi wata da watanni tana ɗura wa nata ɓerayen ganye. Wa'adin karatunta ya ƙure. In gwajin nan ya lalace, sai dai ta koma gida hannu Rabbana. Ranar gwajin kuma ita ce ranar da Farfesan sashen ya ga dama ya kwaso manyan baƙi, da mai hoto, da turaren da ake ji tun daga matakala, wai zai nuna musu yadda ake kwantar wa halitta hankali. Ɗalibar ta san abin da zai biyo baya, amma ina bakin magana? Wanda zai sa mata hannu a takarda shi ne a gaban ayarin. Ta raɓe jikin bango.

Iya ta jawo bokitinta, ta kife a bakin ƙofa, ta zauna. Wani masinja da ya gani da idonsa ya ce ko fuska ba ta ɓata ba. Ta gaishe su, ta tambayi iyali, ta ce yau 'ya'yanta na da jarrabawa, a yi haƙuri a dawo gobe.

"Baiwar Allah, kin san da wa kike magana?" in ji Farfesa.

"Na sani, ranka ya daɗe. Su ne ba su sani ba."

Wani baƙo ya yi dariya, kuma dariyar nan ce ba a yafe mata ba. Da Farfesa ya fara ɗaga murya sai ta ɗora yatsa a baki, ta nuna masa ƙofar ɗakin ɓerayen. Haka masanin natsuwa ya ƙarasa faɗansa cikin raɗa, jijiyar wuya a miƙe.

Gwaji ya tafi daidai, ɗaliba ta karɓi digirinta. Iya kuwa, kafin mako ya zagayo an cire ta daga ɗakin, an mai da ita wankin banɗaki, ana saura ƙiris ta ajiye aiki. A can ta yi ritaya. Babu taro, babu ko lemo. Rahoton binciken ya fito da sunaye reras, Farfesa a gaba, har an gode wa kamfanin da ya kawo keji. Kunya dai ba ta cikin abin da suke bincike a kai.

Ke ce, Iya, kika dubi baranda cike da masana fargaba, kika ga ke kaɗai kika lura da mai fama da ita, ba kuma a keji take ba. Uwar marasa baki, mun gode. Allah ya ba ki lafiyar da za ki ci hutunki.

Ku kuma da aikinku ya ajiye ku a bakin wata ƙofa, wata rana babba zai zo wucewa ta kan ƙarami. Ba zan ruɗe ku ba, za ku sha hukunci kamar yadda ta sha. Kada ku matsa.