Gurabe Ashirin na Kakata da Layin Kwana Ɗari Biyu

Shekarun baya, ranar da aka raba gadon mijina a Gwandu, danginsa sun raina mini hankali, kuma har yau ban janye wannan maganar ba. Gonar Dalijan da shanu suka bi maza, ni kuma aka ce ga tumunina, aka miƙo mini takarda ɗaya a cikin leda. Hannun jari ne na wani babban kamfanin inshora, marigayi ya saya tun yana aikin gwamnati. Ba mai so, shi ya sa ta zama tawa. Ko sunana ban iya rubutawa ba a lokacin. Na cusa ta ƙasan adaka.

Sai da aka yi shekara huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, ina riƙe fensir kamar muciya. Muna cikin koyon raba lamba ne ƙanin mijina ya zo mini gida wata rana da hantsi.

"Matar Yaya, kin ji abin da ya samu takardarki?"

"Mi ya same ta? Tana cikin adaka."

"Farashi ya faɗi. Mako uku ke nan yana gangara. Kawo in saye don zumunci, kafin ta koma ta ƙunshe ƙosai."

Na ce, "Kai da ko gaisuwar Sallah sai an tuna maka, yaushe ka fara tausayina?"

Ya yi dariya, ya nuna mini waya. Wani layi ne ja yana gangarowa kamar zaizayar ruwa. Ya ajiye kuɗi kan tabarma, wai kafin alƙalami, gobe zai zo da sauran. Baki na yi masa, amma ban mayar masa da kuɗin ba. Takardar nan ita kaɗai ce abin da na fita da shi daga aure na shekara talatin.

Malamarmu ta taɓa aikin banki a Birnin Kebbi. Da aka tashi aji na tare ta na gaya mata. Ta buɗe wayarta, ga jan layin nan dai, sai ta matse hoton da yatsu biyu. Makonni ukun suka koma ɗan ɗigo, shekaru suka fito. Sai ga wani layi na biyu, santal, yana tafiya a natse ta tsakiyar mai tsalle-tsallen.

Ta ce, "Inna, wannan shi ne matsakaicin farashi. Kasuwar hannun jari kwana biyar take ci a mako. A tara farashin kwana ɗari biyu na kasuwa, a raba gida ɗari biyu. Gobe a cire ranar da ta fi tsufa, a sa sabuwa, a sake rabawa. Haka kullum."

"Sake faɗi."

"A cire tsohuwa, a sa sabuwa."

Nan take kakata ta faɗo mini a rai. Sai da na zauna kan benci.

Kakata 'yar Kalgo ce, fataucin shinkafa ta yi har ta mutu, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. A gindin rumbunta akwai gurabe ashirin a jere, kamar na dara, an rufe su da fasasshen tulu. Duk ranar kasuwa in ta dawo, sai ta kwashe gurbin da ya fi daɗewa, ta zuba masa 'ya'yan tsamiya daidai kuɗin mudu na ranar. Sannan ta ƙirga na gurabe ashirin ɗin duka. In jimlar ta ɗara ta makon jiya, ta ce kasuwa hawa take, ko da yau an sayar da arha. In maƙwabta sun rugo suna cewa shinkafa ta karye a fitar da ita, sai ta ce, "Gurbi ɗaya kunka gani." Ta taɓa gaya mini wurin uwarta ta koya, tana budurwa, shekarun da wuri ke barin kasuwa anini na shigowa, mutane sun rikice ba su san tsada da arha ba. Ni kuwa ina 'yar shekara bakwai na ɗauka wasa ne, na tattara tsabar duka na yi carafke da ita. Dukan da na sha ranar har yau ina tuna shi, dalilinsa ne ban gane ba sai a kan wannan bencin.

Na ba Malama labari. Ta ce, "Mu sai da munka biya kuɗin makaranta kafin a koya mana wannan."

Muka koma kan wayar. Santalin layin shekaru ya yi yana hawa a hankali. Mai tsallen ya sha faɗowa ƙasansa ya sake hayewa. Faɗuwar da ƙanin mijina ya zo da ita ko lanƙwasa shi ba ta yi ba. Malama ta ja mini kunne: layin nan bai san gobe ba, jiya kawai yake tacewa. In shi kansa ya sunkuya ya yi watanni a haka, in zo mu duba. Kuma kamfanin inshora sai an bincika ko yana biyan waɗanda asara ta samu, yana kuma fitar da riba.

Har yau in na tuna, mamaki ne ke kama ni. Manyan mutane a manyan ofisoshi da na'urori, ashe abin da suke yi shi ne abin da tsohuwa ke yi a tsugune bayan rumbu. Shekara hamsin ina kiran kaina jahila, ina kiran ta jahila, alhali a gabana take wannan lissafi duk mako.

Da gari ya waye ban jira ya zo ba. Na ɗaure kuɗinsa a bakin zane, na same shi a ƙofar gida yana karyawa, na ajiye masa kusa da kofin koko.

"Matar Yaya, mi ya faru?"

"Gurbi goma sha biyar ka kawo mini cikin ɗari biyu. Ba ni sayarwa."

Daga nan na wuce shago na sayi littafi mai layi-layi, tunda tsakar gidana ba za ta ɗauki gurbi ɗari biyu ba.