Ƙahon da Na Kai Basirka

Wurno zuwa Birnin Kudu

Ina idar da sallar Asuba na hau babur ɗin maƙwabcina, rungume da ƙaho a cikin buhu. Ruwa ya kwana yana zuba, gero ya sunkuya gefen hanya, mu kuwa muna ta kauce wa taɓo.

Malam Iliya nake kai wa ƙahon. Ɗan ƙabilar Ibo ne, mai gyaran injin niƙa, mun saba tun yana zaune a Birnin Kudu kafin ya koma Basirka. Kirista ne a da, sunansa Obinna. Da girmansa ya shiga addinin Yahudu a hannun wasu 'yan uwansa na Abuja, ya ɗauki suna Iliya. Ban taɓa fahimtar abin da ya kai shi ba, shi ma bai taɓa taɓa min nawa addinin ba.

Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah ya kira ni. Ya ce a sabuwar shekararsu, wadda take zuwa ƙarshen damina, wajibi ne mutum ya ji busar ƙahon rago, nasa kuwa ya tsage. Ya roƙi in ajiye masa na ragon layyata. Ciwon suga ya ci ƙarfinsa, 'ya'yansa za su mayar da shi gida da kaka, wannan ce busarsa ta ƙarshe a ƙasarmu.

Da aka yanka ragon sai na raina ƙahon, ɗan abu kamar lauje. Mu jikokin makiyaya ne, ba ma yi wa aboki kyautar ƙaramin abu. Na bar wa karnuka shi, na ɗauko ƙahon farin bijimin da mahaifina ya bari. Na kankare, na huda, na goge da man shanu har yana sheƙi.

Birnin Kudu zuwa Gwaram

A tasha sai da hantsi ya dubi ludayi motar ta cika. Direban ya ga buhun a cinyata ya ce, "Baba, kawo a saka a but da sauran kaya."

Na ce, "Wannan ba ya zama da buhun albasa."

A shingen 'yan sanda wani ya sa na kwance. Ya jinjina ƙahon ya ce, "Farauta za ka, Baba?" Na kafa baki na busa masa. Awakin da ke bakin titi suka watse, motar ta ɗauki dariya, aka ɗaga mana hannu. Har Gwaram ina jin kaina kamar wanda zai kai wa sarki doki.

Gwaram zuwa Basirka

Na ci waina da miyar taushe a bakin tasha, na sami wata tsohuwar bas. Sau biyu tana mutuwa muna turawa. Sai bayan Azahar muka shiga Basirka, a ranar jajiberen idin nasu.

Na tarar da Malam Iliya a kan tabarma, ya rame har na kusa kasa gane shi, da 'yar hula a tsakiyar kai. Matarsa, Maman Ada, tana gasa gurasar idi. Muka gaisa, na zare ƙahon ina jiran yabo.

Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana shafa shi. Sannan ya ce, "Malam Sale, na bijimi ne?"

"Bijimin mahaifina. Rago ai ya yi maka kaɗan."

Ya ce a hankali, "Kowane ƙaho ana iya lallaɓawa da shi, ban da na shanu. Ka tuna ɗan maraƙin da mutanen Annabi Musa suka bauta wa? Ranar neman gafara ba ma tuna wa Ubangiji wannan laifin. Rago muke so, don ragon da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi."

Duka labaran biyu na san su tun ina makarantar allo. Ragon layyata shi ne daidai, ni kuma na ba karnuka.

Na ce, "Wa zai sani? Daga kai sai iyalinka a garin nan."

Ya yi murmushi. "Akwai waɗanda aka haifa a cikin addinin da suke cewa mu baƙaƙen da muka shigo ba na gaske ba ne. Wanda ya gada, ko ya yi sakaci sunansa na nan. Ni da ƙafata na shigo. In na fara sassautawa, me ya rage min? Jikokina kuma abin da suka ga na yi, shi za su kira addinin."

Na bazama wurin mahauta. Sarkin fawa ya tono min ƙahon wani ragon da aka yanka da safe. Muka dafa shi, muka zare ƙashin ciki, rana tana ta yin ƙasa, ga shi da ta faɗi aiki ya haramta gare shi har idin ya wuce. Garin sauri na danna ƙusa mai zafi da ƙarfi don in huda shi, ƙahon ya tsage tun daga baki. Maman Ada ta juya ta shige ɗaki.

Na kwana a shagonsa. Da safe ya yafa farin mayafinsa, ya yi addu'o'insa da iyalinsa ina kallo daga zaure. Da ya zo wurin busa sai ya tsaya, hannunsa a buɗe, babu komai a ciki. Na sha jin kunya a duniya, ban taɓa jin irin ta wannan safiyar ba.

Komawa

Da zan tafi na ɗauki buhuna, ya riƙe shi. "Bar min. Ba zan busa ba, amma na mahaifinka ne."

Na iso Wurno da La'asar lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Maman Ada da ta cika min jaka da gurasa duk da abin da na yi.

Da layya ta zagayo na cire ƙahon ragona da hannuna, na gyara shi a tsanake, bai tsage ba. Na kira lambar Malam Iliya in tambayi motar da zan ba saƙo. Ɗansa ne ya ɗauka. Ya ce sun binne shi tun kafin faɗuwar ruwa.