Ɗalibata 'Yar Tibet

Daga Kano

Ana kiran assalatu na bar Gwammaja. Yaya Sani ne ya kai ni filin jirgi, yana ta jaddada mini kada in bari 'yan Sin su haɗa ni da batirin sola na jabu. Muka sauka Legas, daga can sai Addis Ababa, inda na yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura. Wannan ce komawata ta farko Guangzhou tun da na gama karatun injiniya. A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik na fara taka garin, ko "sannu" ban iya da Sinanci ba.

Guangzhou

A filin jirgin Baiyun jami'in shige da fice ya daɗe yana kallon fasfona kafin ya buga hatimi. Direban tasi kuwa da ya ji na yi masa kwatance sai ya waiwayo.

"Baƙo, ina ka samo Sinanci haka?"

Na ce, "A garinku. Ku kuka sayar mini, kuma da tsada."

Na sauka wurin Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwa Bamaradiye da ke da ɗakunan baƙi. Tuwon shinkafa da miyar kuka ya tarbe ni da su. Washegari bayan na zaga shagunan sola, na kira Tashi.

Tashi ɗan Tibet ne daga lardin Qinghai, ɗaki ɗaya muka zauna a jami'a. Ba Musulmi ba ne, amma shi ke tashina sahur. Da ya ɗauki waya bai yi ihun da na zata ba. Cewa ya yi, "Kabiru, ka zo. Amma in ka ji labari ka fasa dawowa, ba zan riƙe ka ba."

Ɗakin Tashi

Na tarar da wata tsohuwa zaune a bakin gado, an rufe mata ido ɗaya da bandeji, tana jan carbi. Mahaifiyarsa ce, Ama yake kiranta. Ya kawo ta an cire mata yanar ido. Duk masaukin da suka je, da an ga katin shaidarta ya nuna 'yar Tibet ce sai a ce "meyo", wato babu wuri, shi ya sa ya bar mata gadonsa.

Sannan ya ba ni labarin ƙanensa Norbu. Yana karatun aikin jinya a garinsu, shi da 'yan makarantarsu suka fito titi, ba dutse ba sanda, suna roƙon kada a kori harshensu daga aji. Aka tsince shi cikin waɗanda aka ce su ne jagorori, aka yanke masa shekaru a kurkuku.

"An ba ta izinin ziyara," in ji Tashi. "Amma sai da Sinanci, don gandiroba ya ji abin da ake faɗa. Ita kuma ba ta iya ba. Na gwada koya mata, da na buɗe baki sai ta fashe da kuka, wai ba ta haife ni don in yi mata wannan yare ba."

Tsohuwar ta yi magana, ya fassara mini: "Ta ce kai baƙo ne, kai ma da wahala ka koya. Daga bakinka ba zai yi mata ciwo ba."

Da na gaya wa Alhaji Mamman, ya ajiye kofin shayinsa.

"Malam Kabiru, sola ka zo saye ko fitina? Ka san bizarmu a tafin hannunsu take."

Na ce, "Alhaji, gaisuwa kawai zan koya wa tsohuwa."

Ya ɗauki kofinsa ya ci gaba da shan shayi. Da zan fita ya miƙo mini ƙullin dabino. "Ka kai mata. Uwa uwa ce."

Kullum in na taso daga kasuwa sai in biya wurinta mu yi darasi. Abu uku ta zaɓa: "Ka ci abinci?", "Ina lafiya", da "Kada ka damu da ni". Harshenta ya ƙi lanƙwasuwa. In ta yi kuskure ta doke ni a gwiwa kamar ni na yi, in ta dace ta cika mini kofi da shayinsu mai gishiri da man shanu. Ban taɓa son shayin nan ba, amma ban taɓa barin saura ba.

Huangpu da tashar jirgin ƙasa

Ranar da za su tafi ita ce ranar lodin kayana a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ana rufe kwantena na tari tasi zuwa tashar jirgin ƙasa, ina ta roƙon direba ya taka. Na same su a layin bincike, an ware su gefe ana zazzage jakarta. Da aka sallame su ta hango ni da sabon idonta, ta kama hannuna biyu, ta tambaye ni da Sinanci tsaf, "Ka ci abinci?"

Na ce na ci. Ƙarya nake.

Gida

Na iso Kano lafiya, kaya suka biyo baya, Yaya Sani ya gwada batiransa ya ce ban ba shi kunya ba. Ana cikin damina Tashi ya kira.

Ya ce ta ga Norbu ta bayan gilashi, ya rame amma yana tsaye da ƙafafunsa. Ta jero jimlolinta uku ba tuntuɓe. Norbu ya saki baki, sannan ya tuntsire da dariya, ya ce, "Ama, wa ya koya miki? Kamar 'yar Afirka kike magana!" Har gandiroban sai da ya murmusa. Da lokaci ya cika aka zo tafiya da shi, sai ta ɗora tafinta a gilashin ta kira shi da sunan da take yi masa rawa da shi yana jariri, da harshensu. Tashi ya ce babu gandiroban da ya tsawata mata.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Alhaji Mamman da tuwonsa. Norbu kuwa har yanzu yana ciki. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, shi da tsohuwarsa.