Haukan Da Na Ara

Kafin in lalace, ni yaron gona ne a Yammedi. Gyaɗa da dawa muke nomawa, kuma ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Abu ɗaya ne ya bambanta gidanmu: Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata, yana da taɓin hankali, kamar yadda aka ce kakarsu ma ta yi. Sai ya karkatar da kai kamar mai saurare, ya daka tsawa, "Na ji! Na ji mana!" alhali babu kowa. Saboda shi ake kiranmu 'yan gidan iska, ko ƙwallo ba a son sa ni. Abin yana ci mini rai, sai na riƙa kwaikwayonsa don a yi dariya a ƙyale ni.

Ina shekara sha bakwai na zari tsire a kasuwar Karaye, don kwaɗayi kawai. Aka cafke ni, har an ɗaga sanda. Tsoro ya sa na karkatar da kai na ce, "Na ji! Na ji mana!" Wani dattijo ya ce, "Kai, ku sake shi, ɗan 'yar uwar Sule ne. Abin a jini yake, Allah sarki." Mai tsiren har ƙara mini tsinke biyu ya yi. Wallahi a ranar na ɗauka na tsinci sana'a.

Daga tsire na koma waya, daga waya sai akuya, sai buhun gyaɗa. In an kama ni, in yi ta surutai, a ce a bar bawan Allah. Don idona ya yi ja na fara shan wiwi, daga baya na haɗa da ƙwaya. Na bar gida na koma tashar mota a Rogo. Aboki kuwa babu, don mahaukaci ba a ganinsa yana hira mai ma'ana. Shekara bakwai ina wannan rayuwa, ba barcin kirki, kullum cikin fargaba.

A Falgore asirina ya tonu. Na tura babur ɗin wani, aka tare ni, na fara abin da na saba. Sai wani direba ya ce, "Ƙarya yake! Jiya na gan shi yana cinikin waya, lissafinsa ya fi nawa." Na sha duka, alƙali kuma ya ba ni shekara uku.

A wata na huɗu a gidan yari, da rana tsaka, muna layin abinci, na ji an kira sunana a bayan kunnena. Na juya, ba kowa. Washegari muryar ta dawo da zagi, tana cewa an zuba mini guba a tuwo. Na daina ci. Na samu gandiroba na ce, "Ranka ya daɗe, ana magana a cikin kaina." Ya yi dariya ya ce, "Nan ba kasuwa ba ce, malam." Ban ga laifinsa ba, takardata ta nuna abin da nake yi. Wata biyar ina roƙon a yarda da ni, duk wanda na gaya wa sai ya ce in sake dabara.

Inna ce ta cece ni. Ta zo ziyara, ta dube ni jim, sai ta fashe da kuka. Ta ce da gandiroban, "Ɗan nan, ni na haife shi. Lokacin da yake haukan ƙarya, idonsa na kan kayan mutane. Dubi yanzu, ba ya kan komai." Ta yi ta sintiri har aka kai ni wurin likita.

Na tambayi likitan ko gado ne. Ya ce ba ciwon ake gada kai tsaye ba, saurin kamuwa ake gada, kuma da yawa masu irin jinina har su tsufa lafiya lau. Wiwi tun ƙuruciya, kaɗaici, tsangwama da rashin kwanciyar hankali su ne suke tura mutum. Na tuna yayana Habu, uwa ɗaya uba ɗaya, yana can yana noma da hankalinsa garau. Wasu abin yana zuwa musu ba su ja ba. Ni kuwa da hannuna na taya shi.

Na fito yanzu shekara huɗu. Na bi waɗanda na iya tunawa na nemi gafara, wasu sun yafe, wasu sun rufe ƙofa. Ina shan magani kullum, ina facin taya a bakin titi, na yi aure. Amma na gaji, gajiyar da barci ba ya kore ta.

Samari, in akwai mai wannan ciwo a danginku, ba abin kunya ba ne, kuma ba hukunci ba ne a kanku. Ku dai nisanci hayaƙi da ƙwaya, kada ku ware kanku daga mutane. In ɗan'uwanku ya ce yana jin murya, ku kai shi asibiti, ko da maƙaryaci ne irina. Ni dai har yau, in aka yi sallama a ƙofar gida, ba na amsawa sai na dubi fuskar matata na ga ko ita ma ta ji.