Sunan da Hadiza ta daina kirana da shi

A gindin murhun kakata, Iya Delu, a Matamai, na koyi zama in saurara. Lokacin sanyi, da an idar da sallar magariba, za ta tura karan dawa cikin wuta, ta binne gyaɗa a toka, mu kuwa mu kewaye ta muna ɗumama tafin hannu. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya kira ta. Za mu ce, "Kaka, a ba mu." Ta ce, "Ban ji muryar mai kunnen jemage ba." Ni ke nan. Sai na buɗe baki da ƙarfi, sannan ta gyara zama.

Na yi yawo bayan haka, Kano, Ikko, Abijan, Jidda, na kwaso harsuna a hanya. Tsufa ya ajiye ni a Villeurbanne, gidan ɗana Sani, injiniya. A nan na tarar da cewa kalmar da ta fi kowace daɗi a kunnena, a bakin yaran Faransa sunan kashi ce. Wata rana na je ɗauko jikata Hadiza daga lakwal, wato makaranta, ta hango ni, ta sheƙo da gudu tana "Kaka! Kaka!" Yara suka fashe da dariya, wani ya toshe hanci. Daga ranar na koma Papi, yadda yaran Faransa ke kiran kaka namiji. Na yi tsokanar da kakanni ke yi, na ce zan sake ta in auro wata, ko murmushi ba ta yi ba. Abin ya ci ni fiye da yadda na nuna. Ita kaɗai ce jikata a lokacin, in ta ajiye sunan, ba mai ɗauka.

Matar Sani rabin Bafaranshiya ce, mahaifiyarta Gwen kuwa 'yar Wales ce ta Birtaniya, daga wani ƙaramin gari a bakin teku can arewacin ƙasar. A hutun sanyin shekarar ta zo mana. A harshensu kaka mace Nain ce, kuma ita ma Faransanci bai bar ta ba, don in an rubuta sunan, Bafaranshe wada yake karantawa. Hadiza ta taɓa zana mata hoto a aji ta sa sunan a ƙasa, malamar ta ɗauki jan biro ta gyara mata shi ya koma wada mace. Gwen ta yi dariya har da hawaye. Ta ce mini, "Alhaji, ni da kai mun shiga uku a ƙasar nan. Gara ni ma, ba na wari."

Ba mu da murhu a bene na shida. Gwen takan kashe babbar fitila, ta jawo kujera kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki, ta ce wutar gawayin kakarta ta fi wannan ƙamshi amma a yi haƙuri. A nan ta riƙa ba mu garinsu. Jiragen ruwa da ke lodin allon dutse na rufin gidaje. Otal-otal da aka jera bayan jirgin ƙasa ya iso, Turawan Ingila suka fara zuwa shan iska. Tekunsu kuma sau biyu a yini yake janyewa, ya bar rairayi iya ganinka, sannan ya dawo ba sallama. In ya janye, mata kan bi shi da jakuna su tono wasu 'yan halittu masu ɓawo kamar wuri, su dafa su sayar.

Wata maraice ta ba da labarin da kakarta ke ba su, na wata yarinya Mair. A zamanin, yaron da aka ji ya yi harshen gida a makaranta, ana rataya masa guntun katako a wuya, wanda aka tashi yana wuyansa shi ke shan bulala. Mair ta sha, ta yi rantsuwa ta bar harshen. Har ta koma kiran kakarta da kalmar Ingilishi. Tsohuwar takan waiga ta ce, "Wa ake nema? Ba ta nan gidan."

Ran nan Mair ta bi matan garin tono, ta yi nisa ita da jakinta. Hazo ya taso daga teku ya rufe komai, gabas da yamma suka zama ɗaya, ga ruwa na dawowa. Ta yi ta kiran kakarta da Ingilishi. A gaɓa an ji, amma lokacin baƙi ne, 'ya'yan masu hutu sun wuni suna ihun wannan kalma gaban otal, kowa ya ɗauka wasa ne. Sai da ruwa ya kama mata ƙwauri, tsoro ya fizgo ɗayar kalmar daga cikinta.

Gwen ta ɗaga yatsa. "To kin san tsofaffi nawa ne Nain a garin? Dukansu. Kowace ta zaci tata ce. Suka fito da cokula a hannu, suka jeru a gaɓa suna amsawa. Mair ta ji muryoyi sun yi layi kamar katanga, ta ce to, can ne ƙasa."

Hadiza ta ce, "Jakin fa?"

"Jakin tuni ya isa gida yana cin ciyawa. Shi ba ya zuwa makaranta."

Ni kuwa katakon ne ya tsaya mini. Na ce mata mu ma muna da shi a Damagaram, sambol muke ce masa, namu ƙashin kan akuya ne da igiya, mushe, wato malami, ya rataya wa wanda Hausa ta kuɓuce masa. Gwen ta dube ni ta daɗe. Teku da hamada tsakaninmu, amma wuyan yaro ɗaya ne.

Hadiza ta ce, "Ni ba wanda ya rataya mini komai. Dariya kawai suke yi."

Gwen ta ce, "Na sani. Ita ce mai wuyar cirewa."

Zan so in ce washegari ta canza. Ba ta canza ba. Papi na ci gaba da zama, sai dai wani lokaci a cikin gida, in tana son abu, ta raɗa ɗayan sunan a kunnena kamar kayan sata. Na daina roƙo. Da farko na ɗauka labarin Mair gargaɗi ne ga yara. Da na ƙara tsufa na ga rabinsa namu ne: tsofaffin can ba su yi fushi sun shige ɗaki ba, suna nan kusa da gaɓa, kunne a buɗe.

Gwen ta rasu Hadiza na ajin ƙarshe na sakandare. Bayan shekara biyu na je Paris ganin likitan ido, Hadiza ta tarbe ni, lokacin tana jami'a, tana zaune a Montreuil da wata ƙawarta Bafaranshiya. Muka hau bene, ta tura ƙofa, ta ce da Faransanci, "Juliette, ga Kakana."

Yarinyar ta cije leɓe, kafaɗunta na rawa.

Hadiza ta karɓi jakata ta ajiye. Ta ce, "Yi dariyarki ki gama, ba sauri muke ba. In kin gama ki zo ki gaishe shi, kuma da sunan za ki gaishe shi."